Daga Gyartai Zuwa Mai Facin Daro

A da, idan ƙwarya ta tsage a Jibiya, gyartai ake kira ya ɗinke ta. Daron ƙarfe mai rufin tangaran ya shigo zamanin Turawa, kuma a 1960 aka kafa kamfanin ƙera irinsa a Ikeja. Rufin nan garin gilashi ne da aka narkar a zafin kusan digiri 800, don haka ba ya sabuntuwa a gida: in ya ɓare, sai tsatsa, sai faci. Daga baya daron roba mai araha ya janye wa masu faci ciniki. Rufe iyakar Jibiya a 2019 da 2023, da tsadar da ta biyo baya, sun bar mana tambaya: wa ya gaji gyartai?