Fadar Jamhuriya a Berlin: majalisar dokoki da dandalin jama'a a ƙarƙashin rufi ɗaya

 A yau shirin zai leƙa fannin zanen gine-gine, inda za mu duba tarihin wani gini da aka yi domin ya ɗauki mahukunta da talakawa a wuri guda. Ginin dai shi ne Fadar Jamhuriya, wadda Jamusawa ke kira Palast der Republik, a tsakiyar birnin Berlin ta Gabas.

To, tambayar da ke gaban masu zanen irin wannan gini ba ƙarama ba ce. Ofishin gwamnati yana son tsaro da shiru da ƙofa mai gadi. Shi kuwa dandalin al'adu abin da yake so shi ne cunkoso da kiɗa da ƙofa a buɗe har dare. Yaya za a haɗa su biyun ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba?

Filin da aka yi ginin a kansa yana da nasa tarihin. A nan ne fadar sarakunan Prusiya ta tsaya tsawon ɗaruruwan shekaru. Bama-bamai sun lalata ta a shekarar 1945, sannan a 1950 gwamnatin Jamus ta Gabas ƙarƙashin Walter Ulbricht ta sa nakiya ta rushe abin da ya rage. Fiye da shekaru 20 wurin ya zauna fili fetal, ana fareti a kai. Sai bayan da Erich Honecker ya karɓi ragamar jam'iyyar gurguzu mai mulki a 1971 aka yanke shawarar yin gini. An aza harsashi a watan Nuwamban 1973, aka buɗe shi a watan Afrilun 1976, wato ƙasa da shekaru 3 ke nan. Jagoran masu zanen shi ne Heinz Graffunder.

Tsawon ginin mita 180 ne, faɗinsa kimanin mita 85, tsayinsa kuma mita 32, an lulluɓe shi da gilashi mai launin tagulla. Graffunder da abokan aikinsa sun raba shi kashi uku. A gefe ɗaya suka sa zauren majalisar dokokin ƙasar mai wakilai 500. A ɗaya gefen suka sa babban ɗakin taro da wasanni. A tsakaninsu kuwa suka bar wata makekiyar farfajiya da kowa ke iya shiga ba tare da tikiti ko takardar izini ba. In kun tuna aikin zaure a gidan Bahaushe, inda baƙo da maigida ke haɗuwa ba sai baƙon ya kutsa cikin gida ba, to kun fahimci dabarar. A tsakiyar farfajiyar akwai wani fure na gilashi da ƙarfe mai tsayin kusan mita 5, wanda ya zama wurin da samari da 'yan mata ke yin alkawarin haɗuwa. Fitilun da ke rataye a saman sun yi yawan da mutanen Berlin, waɗanda ba a raba su da zolaya, suka laƙaba wa ginin suna "kantin fitilun Erich".

Inda injiniyoyi suka nuna gwanintarsu shi ne babban ɗakin taron. Mai kusurwa shida ne, yana iya ɗaukar mutane har kusan 5,000. Amma ba a kafe kujerun a wuri ɗaya ba. An ɗora sassan daɓen da ke ɗauke da su a kan na'urori masu ɗagawa da juyawa, silin ɗin ma ana iya sauke wasu sassansa ƙasa. Saboda haka ɗakin da aka yi babban taron jam'iyya a cikinsa yau, gobe sai ya tsuke ya zama na kaɗe-kaɗe, jibi a kwashe kujerun ya koma filin rawa. A nan jam'iyya mai mulki ta yi manyan tarukanta na 1976 da 1981 da 1986. A nan kuma Harry Belafonte ya yi wasa a 1983, Carlos Santana ya yi nasa a 1987. Ban da wannan, ginin na da gidajen abinci da na shan shayi 13, da ƙaramin gidan wasan kwaikwayo, da wurin wasan mirgina ƙwallo, da ɗakin rawar matasa, da gidan waya da ke aiki har ranar Lahadi. A ƙasar da ake bin dogon layi kafin a samu tebur a gidan abinci, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne. An ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 60 suka shiga ginin a cikin shekaru 14.

Ɓangaren jama'a ke nan, kuma ya yi aikinsa. Ɓangaren majalisa fa? Nan ne gizo ke saƙar. Wakilan ba sa zama sai 'yan lokuta kaɗan a shekara, kuma in sun zauna hannu kawai suke ɗagawa su amince da abin da shugabannin jam'iyya suka riga suka yanke a wani ginin daban da ke kusa, wanda talaka ba ya ko doshin ƙofarsa. Wato dai an kawo jama'a dab da zauren majalisa, amma ikon ba a cikin zauren yake ba. A ganina wannan shi ne iyakar abin da mai zanen gini zai iya yi: yana iya buɗe ƙofa, amma ba shi ke cewa ga abin da za a tattauna a bayanta ba. A daren 7 ga watan Oktoban 1989 abin ya fito fili. Honecker na ciki yana liyafar cikar ƙasar shekaru 40 tare da baƙinsa, ciki har da Mikhail Gorbachev na Tarayyar Sobiyet, dubban masu zanga-zanga kuwa na tsaye a ƙetaren kogin Spree suna neman sauyi, 'yan sanda sun tare su.

Zauren majalisar bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba sai a watanninsa na ƙarshe. Bayan zaɓen 'yanci na farko a ranar 18 ga Maris 1990, sabbin wakilai suka riƙa zama kusan ba hutu, ana muhawara ta gaskiya. Da asubahin 23 ga Agusta suka kaɗa ƙuri'a, 294 suka amince, 62 suka ƙi, cewa Jamus ta Gabas ta shiga cikin Tarayyar Jamus daga ranar 3 ga Oktoba. Ba a kai ga ranar ba ma, a 19 ga Satumba, aka garƙame ginin.

Dalili kuwa na kimiyya ne. Ƙashin bayan ginin na ƙarfe ne, shi kuwa ƙarfe in gobara ta kai zafin digiri 500 zuwa 600 sai ya fara laushi, ya kasa ɗaukar nauyin da ke kansa. Domin kare shi sai aka fesa masa wani haɗi mai ɗauke da asbestos, ma'adinin nan mai zare-zare da wuta ba ta ci, har kimanin tan 5,000. Matsalar asbestos ita ce zarensa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In mutum ya shaƙe su sai su maƙale a huhu, kuma bayan shekaru 20 ko 30 ko fiye su iya haifar da tabon huhu ko cutar daji. Wanda aka fesa ya fi haɗari, domin ba a ɗaure yake da ƙarfi ba, girgiza kaɗan ko iskar na'urar sanyaya ɗaki na iya tayar da ƙurarsa. A nan bari mu ɗan yi tsokaci ga masu sauraronmu a Afirka ta Yamma, inda har yanzu ake da tsofaffin gidaje masu rufi ko silin na asbestos: wannan an cakuɗa shi da siminti ne, muddin bai fashe ba haɗarinsa kaɗan ne, amma yanka shi da zarto ko huda shi ko farfasa shi yana sakin ƙurar.

Daga 1998 zuwa 2003 aka yi ta kankare asbestos ɗin, har ginin ya koma ƙwarangwal na ƙarfe da gilashi. Daga nan ce-ce-ku-ce ya ɓarke. Majalisar dokokin tarayya ta amince a 2002 a sake gina fuskar tsohuwar fadar sarakuna, a 2003 kuma ta ce a rushe Fadar Jamhuriya. Da yawa daga mutanen gabashin ƙasar, waɗanda a nan suka yi bukukuwan aurensu, suka ce ba asbestos ake yaƙa ba, tarihinsu ake son sharewa. Hujjarsu kuwa tana da ƙarfi: babbar cibiyar taruka ta ICC da aka buɗe a Berlin ta Yamma a 1979 ita ma akwai asbestos a jikinta, amma ba a rushe ta ba, a 2019 ma aka sa ta cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Kafin rusau, masu fasaha sun yi amfani da kangon a 2004 da 2005, har wani ɗan ƙasar Norway, Lars Ramberg, ya kafa manyan haruffa a kan rufin da ke nufin "shakka".

Shi kansa rusau ɗin, wanda aka fara a Fabrairun 2006 aka gama a ƙarshen 2008, ya zo da nasa darasin na injiniya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Berlin yana kusa da sama sosai, shi ya sa aka kafa ginin a cikin wani katafaren kwano na kankare. Kun san yadda kwale-kwale ke ɗagowa in an sauke masa kaya? Haka kwanon zai yi in aka cire nauyin da ke kansa, kuma motsin ƙasar zai iya tsaga babbar majami'ar Berlin da ke tsallaken titi. Don haka ba a sa nakiya ba. Aka riƙa kwance ginin gaɓa-gaɓa, duk nauyin da aka cire a sama sai a zuba yashi haɗe da ruwa a cikin kwanon ya maye gurbinsa.

A wurin yanzu akwai cibiyar Humboldt Forum, wadda ɗan Italiya Franco Stella ya zana, aka buɗe ta ga jama'a a 2021. Fuskoki uku na waje na tsohuwar fadar sarakuna ne, cikinta kuwa gidan tarihi ne, babu majalisa babu ofishin minista. Daga cikin kayan da ake nunawa akwai wasu tagullan masarautar Benin, waɗanda a 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakarsu, aka mayar da wasu gida, wasu kuma suka ci gaba da zama a Berlin a matsayin aro.

To jama'a, a nan za mu dakata a shirin na yau, sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.