Daga Babbar Ruga Zuwa Danja: Tarihin Hidima A Bakin Iyaka

Karatu: Luka 17:11-19

Gaisuwa ga masu bi na Katsina da Jibiya da Batsari, da kuma na ƙetare, wato Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi. Yau tarihin gidanmu za mu duba, domin mu san ta wace ƙofa ce bishara ta shigo wannan ƙasa, mu kuma auna kanmu da waɗanda suka riga mu.

A nassin da muka karanta, Yesu yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, sai ya bi ta kan iyakar Samariya da Galili. A nan ne kutare goma suka tarye shi, ɗaya cikinsu kuwa Basamariye ne. Lafiyayyun Yahudawa ba su cuɗanya da Samariyawa, amma ga shi ciwo ya tara waɗannan wuri guda. Mu riƙe wannan a zuciya, gama mu ma mutanen bakin iyaka ne.

Wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya, ya ƙetare iyaka ya nufi Maraɗi, bai fita daga cikin danginsa ba. Bayan jihadi ya ci birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, har wa yau kuwa Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Iyakar da muke gani Ingila da Faransa ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1906. A gefuna biyu na wannan hanya akwai gidaje biyu da ya kamata kowane mai bi ya san labarinsu: Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, da Danja a kudu da Maraɗi.

Ga yadda abin ya faro. A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans da Kent sun rasu. Bingham ne ya rage, daga gare shi kuma mishan ɗin SIM ta tsiro, ta kafa tasharta ta fari a Patigi a 1902. Amma gwamnatin Turawan mulki ta hana 'yan mishan zama cikin ƙasashen sarakunan Musulmi na Arewa. Shi ya sa SIM ta riga zama a ƙasar Faransa kafin ta sami wuri a Katsina: Damagaram a 1924, sa'an nan Tsibirin Gobir kafin shekarun 1920 su ƙare. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Littafi ya samu, ƙofar Katsina kuwa tana rufe.

Abin da ya buɗe ta shi ne ciwon kuturta. Tsofaffinmu sun san yadda mai wannan ciwo yake rayuwa a dā. A ware masa ƙwarya, a ware masa tabarma, aure ya mutu, daga ƙarshe ya koma bara a bakin kasuwa ƙarƙashin Sarkin Kutare. En'e ta kafa sansanonin kutare, amma masu jiyya sun yi ƙaranci. Daga 1937 aka danƙa wa SIM kula da manyan sansanoni uku: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Aikin da kowa ke ƙyama, shi aka bar wa masu bishara, su kuwa suka karɓa da hannu biyu.

Maganin wancan lokaci allurar wani mai ce da ake samu daga 'ya'yan itacen ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai, amfaninta kuma kaɗan ne. Sai wajen ƙarshen shekarun 1940 aka sami ƙwayar dafson, wadda ta soma warkar da mutane da gaske. Kafin nan, abin da ma'aikata suke da shi a hannu shi ne wanke miki, ɗaure ƙafa, ciyarwa, da zama tare da mai ciwo. A sansanin ana noma, ana koyon sana'a, ana koyon karatun boko da Hausa. Majiyyatan da suka ji sauƙi aka koya musu yin allura da ɗaurin miki, suka zama masu jiyyar 'yan'uwansu. Mutane da yawa sun zo suna Musulmi, an yi musu magani, sun koma gida suna Musulmi, ba a kuwa hana su kome ba. Waɗansu kuma suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma. Daga cikin waɗannan aka sami malaman asibiti da masu bishara, waɗanda suka koma ƙauyukansu da kwalbar magani da Littafi a jaka. Iyalai da dama na Hausawa Kirista, in sun bi salsalarsu, a irin wannan gida za su tsaya.

A ƙetare ma haka aka yi. SIM ta zauna a Maraɗi a 1940, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kafa asibitin kutare na Danja a 1956. A tsakanin nan ikkilisiyar 'yan ƙasa tana tsayawa da ƙafafunta. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda muka sani yau da sunan EMS, a 1954 aka kafa ECWA, bayan Nijar ta sami 'yancin kai a 1960 kuma masu bi na can suka haɗu cikin EERN. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan a Arewacin Nijeriya, har da Babbar Ruga. Danja kuwa ta ci gaba, a 2012 ma aka ƙara mata sashen jiyyar mata masu yoyon fitsari. Ku lura, waɗannan ma mutane ne da ake gudu saboda ciwonsu.

Akwai wani babi kuma da ya shafi gona. A 1983 wani ma'aikacin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo mutumin Ostireliya, bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa a hannunsa, ya lura cewa kututturan kalgo da sabara da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar rassa kaɗan masu ƙarfi aka rage sauran, itace zai tashi. Shekara ta gaba aka shiga yunwar da mutanen Nijar ke kira El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a 1984. Mishan ta raba hatsi, tana kuma koya wa manoma wannan dabara da aka sa wa suna sassaben zamani. Manomi ya koya wa maƙwabcinsa, har aka ƙiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar. Yawancin waɗanda suka amfana ba Kirista ba ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, 'yan'uwa, me wannan tarihi yake koya mana? Almajiranci a wannan ƙasa a bakin gadon mai ciwo aka koye shi. Iyayenmu cikin bangaskiya sun ga an taɓa mikinsu kafin su ji wa'azi, sa'ad da suka tashi kuma suka yi wa waɗansu yadda aka yi musu. Yau muna da gine-gine, da ƙungiyar mawaƙa, da zumuntar mata, da taron shekara. Duka suna da kyau. Amma in aka rufe majami'arku gobe, wane ne cikin maƙwabtanku zai ji rashinta?

Bukata ba ta ƙare ba. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a yankin Jibiya da Batsari, daga 2019 kuma dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, masu dako da ƙananan 'yan kasuwa suka sha wuya. Gwauraye da marayu suna nan a ƙofarmu. Kuturta ma ba ta ɓace ba, sai dai yanzu tana warkewa sarai. Tun 1995 ake ba da maganinta kyauta, ana sha wata 6 zuwa 12. In ka ga tabo mai haske a fatar wani, wanda ba ya jin taɓawa a wurin, kada ka guje shi, raka shi asibiti tun yatsu ba su lalace ba.

Saboda haka ina roƙon fastoci da dattawa: kowace ikkilisiya ta zauna ta rubuta sunayen mabukata na unguwarta, Kirista da Musulmi, ta ware wani abu daga baiko dominsu. Kowane dattijo ya ɗauki saurayi ɗaya ya riƙa tafiya da shi gaida marasa lafiya. Wadda ta iya karatu cikin zumuntar mata ta koya wa wadda ba ta iya ba. Masu bi na wannan gefe kuma su riƙa ziyartar na ƙetare, gama zumunci a ƙafa yake. Cikin kutare goma ɗaya ne ya komo ya yi godiya, Yesu kuwa bai janye warkarwar sauran taran ba. Mu ma kada mu sa sharaɗi a kan alherinmu.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka saboda bayinka da suka wanke miki a Babbar Ruga da Danja, da waɗanda suka warke suka zama masu bishararka. Ka ba ƙasashenmu biyu salama, ka komo da waɗanda aka kora gidajensu, ka ba mu hannuwa masu hidima. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.