Gidajen Abinci a Birnin Dutse: Buɗewarsu, Rufewarsu da Inda Baƙo Zai Samu Abinci

Wannan bayani ya shafi sana'ar sayar da dafaffen abinci a Dutse, babban birnin Jihar Jigawa. An tanade shi ne domin mutanen karkara da ke shigowa birnin saboda asibiti, kotu, sakatariya ko kasuwa, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda kula da irin waɗannan wurare ta rataya a wuyansu. Ba a jera sunayen gidajen abinci a nan ba, domin wurin da aka ci tuwo a cikinsa bana, baɗi ana iya tarar da shi ya koma shagon ɗinki ko na cajin waya.

Yadda sana'ar ta samo asali

Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse garin sarauta ne kuma hedikwatar ƙaramar hukuma. A wancan zamani baƙo a gidan ɗan'uwa ko aminin mahaifinsa yake sauka, a fito masa da tuwo a zaure. Magidanci kuwa idan aka gan shi yana cin abinci a waje, sai a yi zaton ba lafiya a gidansa. Abin da ake saye bai wuce fura da nono, koko da ƙosai, waina, tsire, da tuwon 'yan tuwo-tuwo na bakin tasha ba, kuma matafiya da direbobi ne masu sayensa.

Zuwan jiha ne ya sauya lamarin. An turo ma'aikata da yawa daga Kano zuwa garin da ba shi da isassun gidajen zama, don haka akasarinsu suka bar iyalansu a baya. Mutumin da ke kwana a ɗaki guda ba tare da iyali ba, dole ya sayi abin karyawa, ya sayi na rana, ya sayi na dare. Irin waɗannan ma'aikata su ne suka fara riƙe gidajen abinci na Dutse, kuma har yau su ne ƙashin bayan cinikin.

Tun daga lokacin, kasuwar abinci tana bin sawun ma'aikatu. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an rarraba ma'aikatu da dama zuwa wasu garuruwan jihar, ma'aikata suka bi ofisoshinsu, cinikin Dutse ya ja baya. Da Gwamna Sule Lamido ya hau mulki a 2007 aka dawo da ma'aikatun, aka gina sabuwar sakatariya da tituna da rukunin gidaje, sai sana'ar ta farfaɗo. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya kawo ɗalibai da malamai daga sassan ƙasar nan, sa'an nan aka buɗe filin jirgin sama a 2014. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, da Asibitin Rashid Shekoni, da sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau. Kowanne daga cikin waɗannan ya jawo rumfunan abinci a gefensa.

Ire-iren wuraren cin abinci

Mafi yawa, kuma mafi sauƙin kuɗi, su ne rumfunan mata masu abinci da ake samu a tashoshin mota, bakin kasuwa, ƙofar asibiti da kewayen ofisoshi. A nan ake samun shinkafa da miya, shinkafa da wake da mai da yaji wadda ake kira garau-garau, taliya, dafa-duka, ɗanwake, da tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka, kuɓewa ko taushe. Ba a rubuta farashi. Mutum zai faɗi na nawa yake so, a zuba masa, nama kuma a lissafa shi daban, yanka-yanka. Galibi a gida ake dafa abincin a ɗauko shi cikin manyan kuloli, shi ya sa wanda ya zo bayan la'asar yakan tarar da ƙanzo kawai.

Masu shayi suna da nasu matsayi. Teburin mai shayi yana buɗewa bayan asuba, a tashi da hantsi, a sake kafawa bayan magariba har dare ya raba. Da can shayi da burodi da wainar ƙwai ne kaɗai, amma yanzu Indomie ta kusa zama babbar haja, musamman a unguwannin da ɗalibai ke zaune. Mahauta kuma suna hura tukuba da yamma: tsire, balangu, gasasshiyar kaza, wasu kuma da gurasa. Wannan fanni har yanzu yana bin tsarin gargajiya, domin mahauta suna da Sarkin Fawa da suke saurara, kuma jami'in da ya nemi gyara a tukuba ko a kwata ba tare da ya bi ta hannunsa ba, zai sha wahalar banza.

Akwai gidajen abinci na ginin siminti masu tebura da kujeru da fanka, wasu har da na'urar sanyaya ɗaki. An fi samun su a kan manyan titunan sabon gari, irin su Titin Sani Abaca, hanyar Kiyawa, da hanyar Ibrahim Aliyu da ta bi ta gaban jami'a. Suna sayar da soyayyiyar shinkafa, dafa-duka, kaza, kifi, farfesun kayan ciki da na kan rago, tare da abincin gargajiya. A cikinsu akwai na 'yan Kudu, inda ake samun sakwara, teba da amala da miyar agushi. Manyan masaukan baƙi su ma suna da ɗakin cin abinci, sai dai farashinsu na masu taro ne da 'yan kwangila.

A tsohon gari, wato Garu da ke kan tudu inda fadar Mai Martaba Sarki take, da unguwannin da ke kewaye da shi, sana'ar ta fi zama ta cikin gida. Matan aure ne ke yin waina, alala, awara, dambu da ɗanwake, a aiko yaro da kwano ya saya, ko 'yan talla su fita da shi. Waɗannan ba su da allon suna, ba sa cikin kowane lissafi, amma bakin da suke ciyarwa kullum ba kaɗan ba ne. A 'yan shekarun nan wasu daga cikin matan sun koma tallata girkinsu ta WhatsApp, ɗan acaɓa ko mai Keke ya kai wa mai saye har ofis.

Ba a sayar da giya a gidajen abinci. Jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, kuma Hukumar Hisba tana sa ido a kan wannan.

Kwanakin ciniki

Cinikin abinci a Dutse na Litinin zuwa Alhamis ne. Da an sauko daga sallar Juma'a, ma'aikata da yawa sukan kama hanyar Kano, Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim ko Birnin Kudu, garin ya yi tsit sai safiyar Litinin. Haka nan ciniki yakan cika a makon da aka yi albashi, ya riƙa sauka har a kai tsakiyar wata, lokacin da littafin bashi ke buɗewa. A watan azumi rumfunan rana sukan rufe, masu ƙosai, kunu, waina da ƙanƙara su karɓi fage da yamma. Da damina kuma 'yan aikin da ke wanke-wanke da ɗebo ruwa sukan koma gona. Duk wanda zai buɗe gidan abinci bai yi lissafi da waɗannan ba, jarinsa yana cikin haɗari tun ranar farko.

Dalilan rufewa

Buɗe gidan abinci ba shi da wuya: rumfa, tukwane biyu, benci, da kuɗin adashi ko na sallama daga aiki. Riƙe shi shekara uku shi ne aikin. Kaɗan ne ke rufewa saboda rashin iya girki. Abin da ya fi kashe su shi ne bashi. Ma'aikaci zai ci wata guda a rubuce, a yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da kuɗin. Mai abinci kuma ita ma bashin shinkafa da mai ta ɗauko a kasuwa, ranar da mai shago ya ƙi ƙara mata, ranar ce tukunya za ta sauka. Na biyu shi ne rashin raba kuɗin sana'a da na gida. Daga tukunya guda ake ciyar da 'ya'ya da 'yan aiki da baƙi, daga gwangwani guda ake biyan kuɗin makaranta da gudummawar biki, har a wayi gari uwar kuɗi ta narke ba wanda ya san ranar da ta tafi. Manyan gidaje kuwa, kuɗin haya da man janareto ne ke karya su, da kuma barin wuri a hannun yara ba tare da mai shi yana leƙawa ba.

Bayan waɗannan akwai abubuwan da suka faɗa wa kowa. Rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya ɗaga farashin shinkafa. A 2020 annobar korona ta sa aka umarci ma'aikata da yawa su zauna a gida, aka rufe makarantu. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda ya bar masu abinci na gefen jami'a ba masu saye. A daminar wannan shekarar kuma ambaliya ta cinye gonaki da yawa a jihar, har da na shinkafa a kwarin Haɗeja. A farkon 2023 sauya takardun Naira 200, 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, mai abincin da ba ta da asusun banki ta rasa yadda za ta karɓi kuɗin tuwonta. Wannan ne ya sa yau ko a teburin mai shayi za a ga lambar asusu a manne. Sa'an nan aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dako ya tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Masu abinci da yawa sun ji tsoron ƙara kuɗi, sai suka rage ludayi, suka ƙanƙanta yankan nama. Wasu sun bar gas sun koma gawayi da itace, abin da ba ƙaramar illa ba ce ga jihar da ke fama da gurgusowar hamada.

Rufewar rumfa guda ba ta tsaya kan mai ita ba. Da ita ake sallamar mai wanke-wanke, ɗan garuwa, mai faskare da mai markaɗe, a kuma rage cinikin mahauci da mai kayan miya da ke shigo da tumatir da tattasai daga ƙauye.

Abin da doka ta ɗora wa hukuma

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da gidajen abinci, gidajen burodi da sauran wuraren sayar wa jama'a abinci a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, haka ma kasuwanni, tashoshin mota da kwata. Saboda haka izinin buɗe wuri da duba tsabtarsa aikin ƙaramar hukuma ne, ta hannun jami'an duba-gari. Hukumar NAFDAC ita ke da hurumin abin da aka sarrafa aka ƙulla domin sayarwa, kamar ruwan leda da burodi, kuma ta haramta sa sinadarin buromet a burodi. Wanda zai yi kasuwanci da wani suna da ba nasa na yanka ba, sai ya yi rajistar sunan a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa.

Abin da ɗan duba-gari zai fara tambaya shi ne daga ina ruwa yake zuwa, kuma ina ruwan wanke-wanke yake tafiya. Sa'an nan ya duba nisan murhu da masai ko kwatami, ko abinci a rufe yake, ko akwai sabulu a wurin wanke hannu, ko naman daga kwatar da aka duba ya fito, da lafiyar masu girki da masu zubawa. Ma'ajiyar hatsi ma abin dubawa ce, domin ɓeraye ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, kuma wake da aka zuba wa maganin ƙwari fiye da kima guba ne. An sha gargaɗin masu dafa nama da ƙwayar farasitamol don ya yi saurin laushi. Wannan ganganci ne da ke lalata hanta da ƙoda. A 2021 Jigawa tana cikin jihohin da cutar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a ƙasar nan, kuma ruwa da abinci ne hanyarta.

Ana jan hankalin jami'ai cewa zagayen duba-gari ba zagayen karɓar kuɗi ba ne. Inda mai abinci ta saba ganin jami'i ranar haraji kaɗai, za ta koyi ɓoye ƙazanta ne maimakon kawar da ita. Ya kamata a fara da gargaɗi a rubuce da wa'adi, rufe wuri ya zo daga baya, sai fa idan akwai haɗari a fili. Duk kuɗin da aka karɓa kuma a ba da rasit.

Ga mai shigowa daga karkara

Wanda ya zo jinya zai samu koko, kunu, shayi da tuwo a ƙofar asibiti tun da sassafe, amma ya tambayi ma'aikatan jinya abin da ya dace da majiyyaci kafin ya saya. Wanda ya zo sakatariya ko kotu ya nemi abincin rana tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu, lokacin da yake da zafi. A tambayi farashi kafin a zuba, musamman na nama da kifi, kuma a gidajen da ke da tebura a nemi takardar farashi. A zaɓi rumfar da ke da mutane, domin abincinta ba ya kwana. A guji ɗanyen ganye da yankakken 'ya'yan itace da aka bari a buɗe, musamman da damina. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba na tsabta, ya kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukumar Dutse. Mai son tsaraba kuwa ya nemi dabino, wanda aka san garin da shi, ko kilishi a wurin mahauta da yamma.