Dorina: Tarihinta da Rikicinta da Manoma

Bakatsine ya fi sanin dorina a hannun dogari da malamin allo, domin bulalar da ake yankowa daga fatarta ta daɗe tana shigowa birni. Ita kanta dabbar ba ta zama a nan, saboda kogunan Katsina ƙafewa suke yi da rani, ita kuwa ba ta rayuwa sai da abu biyu: ruwa mai zurfin da zai rufe ta da rana, da ciyawar gaɓa da za ta yi kiwo da dare. Duk tarihinta a kan waɗannan biyun yake tafiya. Namiji yakan kai kilo 1,500, fatarsa ta yi kaurin santimita 5, amma rana na tsattsaga ta, shi ya sa yake wuni a ruwa, yana nutso har minti 5 kafin ya ɗago hanci. Magariba na yi sai ya hau tudu ta turbar da ya saba, ya tsinki ciyawa da leɓɓansa, kimanin kilo 40 kafin asuba. Dogayen haƙoransa na faɗa ne, ba na cin abinci ba.

A da mazauninta ya kai har inda yau babu komai sai rairayi. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, wurin da Paul Sereno ya gano a 2000, an tono ƙasusuwan dorina, da kabarin wata yarinya sanye da awarwaron haƙorin dorina a damtse. Da tafkunan Sahara suka ƙafe sai ta ja kudu, ta tsaya a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, inda Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina a 1851, ya gan ta a tafiyarsa. A kan Kwara, Sarkawa sun yi suna wajen farautarta da zago daga cikin kwalekwale. Yau a Nijeriya sai a tsirarun wurare kamar Kainji da Yawuri da madatsun ruwan Kiri da Dadin Kowa, kuma tun 2006 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana.

Za a ce dabbar da ke kifar da jirgi ba abar tausayi ba ce. Maganar tana da nauyi: a 2014, kusa da Yamai, dorina ta kifar da kwalekwale, yara 'yan makaranta suka halaka, kuma manomin da aka cinye wa shinkafa a dare ɗaya ba ya bukatar wa'azi. Sai dai a duba inda ɓarnar ke aukuwa. Noman rani ya mamaye fadamun da take kiwo, gona ta sauka har bakin ruwa, ta zauna a kan turbarta. Kashe ta ma bai kawo ƙarshen rikicin ba: a 2017 an hallaka dorina da dama a yankin Ayoru, a shekarar kuma gwamnatin Nijar ta ga dole ta keɓe musu mafaka a bakin kogin Kwara.

Makiyayi da manomi sun san amfanin burtali, kuma irinsa dorina take bukata. Ya kamata hukumomin da ke raba filayen noman rani su bar mata ciyawar gaɓa da turbarta, a haƙa rami ko a yi shinge a bakin gonaki, a kuma biya diyya ga wanda ta yi wa ɓarna.