Zobe da Fadamun Karaduwa: Tarihin Wata Amana



Tun kafin a san madatsar ruwa a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, fadama ce rumbun talaka. Idan damina ta ɗauke, nan ake noman rake da albasa, nan makiyayi ke shayar da garkensa, nan ake haƙa gajeriyar rijiya a tarar da ruwa. Dalili kuwa, ƙasar fadama takan shanye ambaliya ta adana, sannan ta riƙa sakin ruwan sannu a hankali cikin rani.

Bayan farin 1973 da ya girgiza Arewa, hukuma ta karkata ga gina madatsu. A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala madatsar Zobe a kan Kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, mai iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 170. Sai dai ruwan ya daɗe kwance ba a ci cikakkiyar moriyarsa ba, domin sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe, bayan shekara 38.

Abin lura shi ne, rayuwar madatsa tana hannun ƙasar da ke samanta. Idan aka sare itatuwan gaɓa, aka yi noma har bakin kogi, ruwan sama zai kwaso yashi da laka ya zuba cikin tafkin, zurfinsa ya riƙa raguwa kowace shekara.

Musulunci ya daɗe da tsara wannan lamari. Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u a yankin Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, malaman fiƙihu kuma suka sanya wa rijiya da kogi hurumin da ba a shiga. Yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya sai a 1971 ta zo, kuma a 2000 aka sanya tafkin Nguru na Jihar Yobe cikin jerinta.

Ya ɗan'uwa, tambayi dattawan garinku inda fadama ta kai a da, ka auna da inda ta tsaya yau, ka rubuta. Ka dasa itace a gaɓa, ka kare wanda ka tarar. Ruwan da ya bar Karaduwa yana gangarawa Kogin Rima, akwai haƙƙin waɗanda ke jiransa a can a wuyanmu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.