Kuskure ko Harshen Damo: Tarihin Feɗe Jimlar Hausa, Tare da Duban Hausar Jos

1.0 Gabatarwa

Duk malamin Hausa da ya taɓa riƙe jan biro yana duba rubutun ɗalibai ya san cewa ba kowace jimla mai rikitarwa ce kuskure ba. Akwai jimlar da ta karya dokar nahawu, akwai kuma wadda ta cika doka amma tana ɗauke da ma'ana biyu, wato abin da masana suke kira harshen damo. A wannan maƙala za mu bi tarihin yadda aka yi ta fama da bambance waɗannan abubuwa biyu, tun daga masu tsara ƙa'idojin rubutun boko har zuwa manhajojin kwamfuta masu yi wa jimla li'irabi. Mun zaɓi Jos ne domin a can ne matsalar ta fi fitowa fili, kasancewar Hausa harshe na biyu ne ga ɗimbin masu magana da ita a garin.

2.0 Abin da Rubutun Boko Ya Bari a Buɗe

A shekarar 1912 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da haruffan boko. Daga baya Rupert East da abokan aikinsa a Hukumar Talifi ta Zariya suka tsayar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, cikin shekarun 1930, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta yaɗa wannan tsari a ko'ina cikin Arewa. Wannan gyara ya raba kalmomi irin su "ɗa" da "da", ko "ƙafa" da "kafa". Sai dai an bar abubuwa biyu ba tare da alama ba: karin sauti da tsawon wasali.

Ba rashin sani ne ya jawo haka ba, domin ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da ya biyo baya duk sun nuna karin sauti da tsawon wasali. An dai ɗauka cewa Bahaushe zai gane abin da ake nufi daga muhallin magana, kuma yawan alamomi zai wahalar da mai koyo da mai ɗab'i. Abin lura a nan shi ne, marubutan ajami sun saba nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, don haka ta wannan fuska boko ya rasa wani abu da ajami yake da shi. Bayan taron Bamako na 1966, Jamhuriyar Nijar ta ɗan yi amfani da ninka wasali don nuna tsawo, amma ta bar shi bayan taron daidaita rubutu da aka yi a Yamai a 1980.

Sakamakon wannan zaɓi yana tare da mu a kowane shafi. Kalmar "kuka" tana iya zama hawaye, ko bishiya, ko lamirin mutum na biyu jam'i a cikin "da kuka zo". "Gari" yana iya zama birni ko na tuwo. Mafi nauyi ga nahawu shi ne "ya zo", domin a baki siga uku ce daban: akwai wadda ke ba da labarin abin da ya wuce, akwai wadda ke zuwa bayan "da" ko bayan kalmar tambaya, akwai kuma ta umarni ko fata, kamar a "ka ce ya zo". Idan aka rubuta "Ya kawo masu kaya", ba za a san ko kayan aka kawo wa wasu mutane ba, ko kuwa mutanen da suka mallaki kayan aka kawo. Wasu jimlolin ma ko an sa musu alamar sauti ba za su warware ba. A cikin "Sun kama ɓarawo da bindiga", wa ke riƙe da bindigar? A cikin "tsofaffin maza da mata", matan ma tsofaffi ne?

3.0 Jos da Hausarta

Haƙar kuza a farkon ƙarni na 20 ita ce ta tara jama'a a Jos da Bukuru, jirgin ƙasa kuma ya ƙara buɗe hanya. Hausawa da Berom da Afizere da Anaguta da Ngas da Mwaghavul da Tarok, da mutanen kudu da suka zo aiki, duk suka haɗu a kan Hausa a matsayin harshen kasuwa da wurin aiki. Masu wa'azin Kirista ma da Hausa suka fi yin aikinsu a wannan yanki, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ta haka Hausa ta zama harshen makaranta da majami'a da masallaci da tasha, a bakin mutanen da yawancinsu suna da wani harshen a gida.

Hausar da ta taso a irin wannan yanayi tana da kamanninta. Sau da yawa ba a bambanta jinsi, sai a ji "mace ya zo" ko "mota ne". Ana jin "rigan Audu" a maimakon "rigar Audu", kuma wasu ba sa raba ƙ da k, ko ɗ da d. Ya kamata mu yi hattara a nan, domin raunin jinsi ba na Jos kaɗai ba ne; masana sun daɗe da nuna shi a karin harshen Zazzau da na Bauchi, a bakin waɗanda Hausa ce harshensu na uwa. Saboda haka idan ɗalibi a Jos ya rubuta "rigan", bai karya nahawun da ya taso da shi ba. Ya kauce ne daga Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa a farkon firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a muhallin yaro, kuma a unguwanni da dama na Jos wannan harshe Hausa ne. Amma manufar ba ta fayyace wa malami wace Hausa zai auna rubutun yaron da ita ba.

Jos ɗin nan kuma ta zama cibiyar nazarin ƙananan harsuna. A 1976 aka kafa hukumar fassara ta NBTT a garin, wadda ta gaji aikin da ƙungiyar SIL take yi a Nijeriya, ga kuma Jami'ar Jos da ta tsaya da ƙafarta a 1975. Masu tattara kalmomi da fassara a harsunan Filato suna daga cikin waɗanda suka yi aiki da manhajojin SIL, irin su Shoebox da magajiyarta Toolbox, waɗanda ke feɗe kalma zuwa ƙwayoyin ma'anarta.

4.0 Yadda Na'ura Take Ba da Rahoto

Tsarin Toolbox ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya raba abin da jan biro yake haɗewa. Idan manhajar ta kasa feɗe kalma da abin da ke cikin ƙamusunta, sai ta jera taurari a ƙarƙashin kalmar. Idan kuwa ta sami hanya fiye da ɗaya, sai ta buɗe akwati ta jera hanyoyin, ta bar mai aiki ya zaɓa. Taurarin ma ba hukunci ne a kan marubuci ba, domin sau da yawa ƙamusun ne bai cika ba, ko dokar da aka ba na'urar ce ta gaza. Wanda ya zuba mata nahawun Kano zalla, sannan ya ba ta rubutun ɗalibin Jos, zai ga taurari da yawa, kuma akasarinsu suna nuna iyakar nahawun da aka zuba ne kawai.

Ana samun irin wannan rarrabewa a wurin masu tsara harsunan kwamfuta ma. Manhajar Yacc, wadda Stephen Johnson ya rubuta a Amurka cikin shekarun 1970, tana sanar da mai tsara nahawu duk inda dokokinsa suka ci karo da juna, tun kafin a fara amfani da su. Rahoton kuskure kuwa yana zuwa ne daga baya, ga wanda ya rubuta abin da ya saɓa dokokin. Wato rahoto biyu ne, kuma mutum biyu ake yi wa. Bambancin kawai shi ne, harshen kwamfuta ana iya gyara shi har harshen damo ya ƙare, amma harshen ɗan Adam ba ya karɓar wannan.

Ita Hausa ta sami nata rabon bayan fitowar manyan littattafan nahawu na Paul Newman a 2000 da Philip Jaggar a 2001, waɗanda suka ɗora a kan aikin magabata irin su M. K. M. Galadanci na 1976. Daga wajen 2009 Berthold Crysmann ya shiga gina nahawun Hausa na kwamfuta mai suna HaG. Wannan nahawu yana karɓar rubutu ko da alamar sauti ko babu, kuma yana amfani da ginin jimla wajen rage ma'anonin da kalma za ta iya ɗauka, kamar dai yadda mai karatu yake yi a zuciyarsa. Bernard Caron kuma ya shirya tarin jimlolin da aka yi wa li'irabi daga Hausar Zariya da ta Adar, abin da ke nuna cewa ana iya bai wa kowane karin harshe nasa ma'aunin.

5.0 Abin da Ya Shafi Manhajar Karatu

A ganinmu, tsarin duba rubutu a makarantunmu yana buƙatar alama uku a maimakon ɗaya. Ta farko ta kuskure ce tsantsa, kamar haɗe "a kan tebur" ya koma "akan tebur", alhali "akan" na lokaci sabau ne, kamar a "akan yi ruwa". Ta biyu ta harshen damo ce, inda malami zai rubuta ma'anonin biyu a gefe, ya nemi ɗalibi ya sake gini, misali ya ce "ɓarawo mai bindiga" ko "ya kawo musu kaya". Ta uku ta karin harshe ce, inda za a nuna wa yaro sigar da jarrabawa take nema ba tare da an ce masa Hausar gidansu ɓatacciya ce ba. Kalmomin da malami zai yi wannan bayani da su suna nan a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990. Abin da ya rage shi ne a shigar da darasin harshen damo cikin horon malamai a kwalejojin ilimi, a kuma tattara rubutun ɗalibai na Jos da Fankshin da Shendam domin a ga wace alama ce ta fi yawa a cikin ukun.