Daga Turin Aka Fara Awon Jinin Ƙwaƙwalwa

Duk uwar da ta taɓa ɗora yatsa a maɗigar jaririnta ta san ƙwaƙwalwa tana bugawa tare da zuciya. Amma maɗiga takan rufe kafin yaro ya cika shekara biyu, daga nan ƙoƙon kai ya kulle komai, babu mai leƙawa. Wannan kulli ne ya ɗaure likitocin Turai shekara da shekaru. A 1783 wani malamin ilimin sassan jiki a Edinbara, Alexander Monro, ya ce tunda ƙashin kai ba ya buɗewa kuma ba ya tsukewa, to yawan jinin da ke cikinsa kusan ɗaya ne a kowane lokaci. Ɗalibinsa George Kellie ya ƙarfafa maganar a 1824. Sun yi gaskiya cewa ƙoƙon kai ba ya faɗaɗa, amma na bayansu da dama sun ɗauka har gudunsa ma ba ya canzawa, ko mutum yana barci ko yana lissafi, ko da asuba ko da la'asar.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka girgiza wannan tunani ɗan wani kafinta ne, Angelo Mosso, haifaffen Turin a arewacin Italiya a 1846. Ya yi karatun likita a garinsu, sannan ya tafi Laifzig a Jamus wurin Carl Ludwig, inda ya ƙware a kan na'urar da ke zana motsin jiki: ganga ce mai juyawa a hankali, an naɗe ta da takarda mai kunkunniya, wani siririn tsinke yana karce ta. Hannun kafinta bai bar shi ba, domin yawancin kayan aikinsa shi ya ƙera su. A 1879 ya zama farfesan ilimin aikin jiki a Jami'ar Turin.

Ba shi da hanyar buɗe kan mai lafiya, don haka ya nemi waɗanda ƙaddara ta riga ta buɗe musu. Akwai wata mata da ciwon tunjere ya cinye mata ƙashin goshi, da wani yaro mai farfaɗiya da ya faɗo tun yana ƙarami, da wani manomi ɗan shekara 37 da bulo ya faɗo masa a ka daga hasumiyar cocin ƙauyensu a 1877. Mosso yakan rufe gurbin ƙashin da wani ɗan faifai, ya haɗa shi da tiyo zuwa tsinken, ya kuma ɗaura wata na'urar a damtsen mutumin domin ya kwatanta bugun kai da na hannu.

Labarin manomin nan shi ne ya fi yaɗuwa. Wata rana ana cikin awo sai ƙararrawar coci ta buga sha biyun rana, tsinken da ke bin ƙwaƙwalwa ya yi sama, na hannu kuwa bai ce uffan ba. Mosso ya tambaye shi ko ƙararrawar ta tuna masa da addu'ar tsakar rana da bai yi ba. Manomin ya amsa da e, tsinken ya sake tashi. Sai Mosso ya ce ya gaya masa takwas sau sha biyu nawa ne. Tsinken ya tashi lokacin da aka yi tambayar, ya kuma tashi lokacin da mutumin ke haɗa amsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dararen da Mosso ya kwana a zaune kusa da gadon waɗannan mutane. Ya ga bugun ƙwaƙwalwa yana lafawa idan barci ya yi nauyi, ya kuma ga ƙaramin motsi a ɗaki, ko kiran sunan mai barcin a hankali, yana tayar da tsinken ba tare da mutumin ya farka ba. Nan ne aka sami shaida a rubuce cewa jinin ƙwaƙwalwa yana da halin dare da halin rana. Ya tattara sakamakon a littafin da ya fito a 1880, aka fitar da shi da Jamusanci a 1881.

Daga baya ya ƙera wani gado mai kama da sikeli, a daidaice a kan tsakiyarsa. Mutum zai kwanta har jikinsa ya natsu, sai a ba shi abin karantawa, a duba ko gadon zai rinjaya ta wajen kai. An daɗe ana ɗaukar wannan kamar almara, har masu bincike suka tono rubuce-rubucensa na asali, wasu biyu kuma a Jami'ar Redin ta Ingila suka sake ƙera gadon suka buga sakamakonsu a 2014. Sikelin yana aiki, ko da yake numfashi da bugun zuciya suna rikita awon ƙwarai.

Duk da haka maganar Mosso ba ta ci kasuwa nan take ba. A 1890 Charles Roy da Charles Sherrington a Kambirij suka nuna a jikin dabbobi cewa ƙwaƙwalwa tana iya buɗe jijiyoyinta da kanta idan aiki ya ƙaru. Sai Leonard Hill, wanda ake jin maganarsa a Landan, ya fito a 1896 ya ce sam, jinin kai yana bin ƙarfin bugun zuciya ne kawai. Girman sunansa ya danne batun shekaru masu yawa.

Mosso kansa ya juya ga duwatsu. A 1894 ya hau dutsen Monte Rosa da wasu sojoji, suka zauna a bukkar bincike da ke tsayin mita 4,554, yana auna numfashinsu suna barci. Ya yanke hukunci cewa ciwon hawan dutse yana zuwa ne daga ƙarancin iskar kabon a jini. Bai dace ba, ƙarancin oksijin ne sanadi, kamar yadda Bafaranshe Paul Bert ya faɗa tun kafin nan. Sai dai iskar da ya maƙale mata ta zama babbar mai juya akalar jinin ƙwaƙwalwa. Ya rasu a 1910 bai ga tabbacin haka ba.

Tabbacin ya zo daga Filadelfiya. A 1945 Seymour Kety da Carl Schmidt suka fito da dabarar auna gudun jinin a lafiyayyen mutum, ta hanyar shaƙa masa wata iska da ɗibar jininsa a wuya. Daga baya suka sami kimanin mililita 54 a minti ɗaya ga kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa. Gaɓar da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba tana shan kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa. A 1948 suka nuna cewa ƙara iskar kabon kaɗan a numfashi yana ɗaga gudun da kusan kashi 75 cikin ɗari. A 1982 kuma Rune Aaslid, yana aiki a Ban ta Suwizalan, ya kawo na'urar da ke sauraron gudun jini ta gefen kai da sautin da kunne ba ya ji. Daga nan aka iya bin mutum dare da rana ba allura ba wuƙa.

Hoton da ya fito shi ne: gudun jinin yana sauka a barci mai nauyi, ya hau a lokacin mafarki, sannan da safe jijiyoyin suna jinkirin amsa canjin iskar kabon, daidai lokacin da ƙarfin bugun jini ke tashi bayan saukar da ya yi da dare. Likitocin asibiti sun lura da wannan ta wata ƙofar. A 1998 William Elliott ya haɗa nazari 31 da suka shafi mutum 11,816 masu shanyewar ɓarin jiki, ya ga haɗarin ya ƙaru da kashi 49 cikin ɗari tsakanin ƙarfe shida na safe da sha biyun rana.

Masu binciken da kansu sun jima ba su ɗauki darasin ba. Magunguna da yawa sun kare ƙwaƙwalwar ɓeraye daga shanyewa a ɗakin gwaji, amma suka kasa a jikin mutane. A 2020 wata tawaga a Boston ƙarƙashin Eng Lo ta buga a mujallar Nature cewa wani ɓangare na dalilin agogo ne: ana gwada ɓerayen da rana, lokacin barcinsu, alhali mutanen da ake sa wa a gwaji galibi a farke ciwon ya same su. Da suka maimaita gwajin da dare, lokacin da ɓera ke kai-kawo, magunguna uku da suka gwada ba su rage ɓarnar ba.